Kulocin Ƙarya na Clarrie Hoolihan

Giya biyu ne suka raini Clarrie Hoolihan, ta kwalba da ta mota, kuma har ya bar duniya ba a samu wanda ya sa shi ya faɗi wadda ya fi ƙauna ba.

A wata gonar tumaki aka haife shi, can yamma da Longreach, inda ubansa yake askin tumaki. Tsohon ya so ɗan ya gaje shi. Clarrie ya yi kaka ɗaya da almakashi a hannu ya ajiye, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa a sunkuye yana kallon gindin tunkiya ba. Sai ya ƙare ta a kwance yana kallon gindin mota. Ya fara da bin masu haƙa rijiyoyi yana gyara musu motoci a daji. Da hannunsa ya faɗa, sai ya shigo garin Yarrawinda ya kama wata tsohuwar rumfar kwano a bayan mashaya, ya rubuta sunansa da fenti a jikin ƙofa. Wai saboda inuwa ya zaɓi wurin. Ko bishiya ɗaya babu a wajen.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hancinsa a karkace tun wata karawa da aka yi a filin zari-ruga, bakinsa kuwa ba birki. Matarsa Thelma ita ce mai dafa abinci a asibitin garin, mace mai jiki da natsuwa, wadda ba ta ɗaga murya don ba ta taɓa buƙata ba. Ranar da ya nemi aurenta yana kwance ne a ƙarƙashin a-kori-kurar ubanta, takalmansa kawai take gani. Ta ce masa, "Fito tukuna. In fuskar ba ta fi takalman muni ba, sai mu yi magana."

Giyabos shi ne sana'arsa. Inji ma yana taɓawa, birki ma haka, amma in ana maganar giya ce ta ƙi shiga, ko tana kuka, ko tana fita da kanta a kan gargada, to duk faɗin yankin wurin Clarrie ake zuwa. Kuma yana da aƙida. Namiji, in ji shi, da hannu da ƙafa yake tuƙi: ka taka kuloci, ka ja sanda, mota ta san wa ke kanta. Da aka fara shigo da a-kori-kura masu otomatik, waɗanda suke sauya giya da kansu ba kuloci ba komai, Clarrie ya ce wannan motar likitoci ce da zawarawa da mutanen Brisbane. In wani ya yi kuskuren kawo masa irinta, ba ya ko tashi daga kan kujera. Da sifana yake nuna masa titi, ya ce, "Longreach na can, mutumina. Ka gai da su."

A mashaya akwai teburin da shi da sa'o'insa masu shanu suke zama da yamma, kuma zagin otomatik yana cikin abin da suke haɗawa da barasa, kamar gyaɗa. Wanda ya fi kowa baki a wannan fanni shi ne Athol Rasmussen, wani dogon makiyayi mai shanu da yawa da rowa fiye da shanun. Shi da Clarrie sun san juna tun suna samari, a kan wani kare suka fara dambe, kuma daga ranar ba su rabu ba, ba su kuma taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba.

"Kai gajere, har yanzu ba a rufe wannan kangon naka ba?"

"Ina jira ka biya ni ladan hira ne, tsohon maƙo. Zauna, ka tsare mana iska."

Haka suke gaisawa.

Clarrie ya haura hamsin lokacin da ƙafarsa ta lalace. In shi ya ba ka labari, wani bijimi ne mai kamar giwa ya kubce a bikin nunin dabbobi, shi kuma ya tare shi don kada ya tattake yara. Amma rabin garin suna wurin. Rago ne. Ragon da matan coci suka ɗaura wa jan ƙyalle a wuya za su yi cacar tara kuɗin gyaran rufi da shi. Tsiran naman da Clarrie yake ci ne ya suɓuce daga cikin burodi, ya sunkuya zai ɗauka, ragon ya ga dama ta samu, ya ja da baya ya zabga masa karo a gwiwa. Likitocin Rockhampton suka sa ƙarfe suka ɗinke. Ƙafar ta warke, tana tafiya, amma ba ta iya danna komai da ƙarfi. Kuma ta hagu ce, ƙafar kuloci.

Thelma ta koma direbarsa. Ita kuwa tana tuƙi ne kamar wadda ta ɗora ƙwai a cinya, kuma ba ta iya wuce mace a hanya ba ta tsaya ba. Clarrie na zaune a gefe, gwiwar hannu a taga, ƙudaje na yi masa biki a fuska, ya ji labarin basur ɗin mazan garin kaf, da wadda surukarta ba ta iya wanki ba, da wadda kek ɗinta bai tashi ba. Rannan a kan hanyar Longreach wani emu, tsuntsu mai kama da jimina, ya zo ya wuce su, ba ma da gudu ba, har ya waiwayo ya dube shi.

"Thelma, don Allah taka mana."

"Sauri kake? Sauka ka bi shi."

A wannan zuwan ne ya ce ta ajiye shi wurin masu sayar da motocin da suka yi hatsari. Ya fito da wani ƙaton abu a naɗe cikin tamfol, mutum biyu suka taya shi ɗorawa a baya. Ya ce mata famfon ruwa ne.

"Famfon ruwa mai ɗigar da jan mai?" in ji Thelma. Ta tada mota.

Ya rufe ƙofar gareji, ya rataya allo wai yana jinya. Daga shi sai karensa Sanata, wanda ya samu sunan saboda ci da barci ne aikinsa. Clarrie ya ce kafin ya ɗora wannan abin kunya, giyabos mai otomatik, a motarsa sai ya ga abin da ke cikinsa. Ya kwance farantin ƙasa, ya tarar da wani faifan ƙarfe mai hanyoyi birjik kamar gidan gara. Bai san hawa ba bai san sauka ba ya kifa shi, sai ga 'yan ƙwallayen ƙarfe ƙanana kamar wake sun watse a ƙasa. Ya bi su da rarrafe da gurguwar gwiwarsa yana tsinta. Ta ƙarshen yana kallo Sanata ya lashe ta ya haɗiye, ya koma ya kwanta.

Ba a sayar da irin wannan ƙwallo a Yarrawinda. Haka Clarrie ya yi ta bin kare a bayan gareji, da sanda a hannu ɗaya da rariya a ɗayan, yana lallashi. "Haba Sanata, yi wa talakawa aiki ko sau ɗaya." Da abin ya fito ya wanke ya mayar a gurbinsa. Rariyar ma, ta kicin ɗin Thelma ce, ya wanke ya mayar. Ba a san ko ta gane ba. Abin da aka sani shi ne daga wannan makon ta daina cin kek ɗin da ta toya, shi take yanka wa.

Aikin ya ba shi wuya fiye da yadda ya taɓa faɗa. Ya sauke tsohon giyabos, ya rage tsawon farfela ya yi mata walda, ya ƙera sabon ƙarfen da zai riƙe gindin giyar, ya ja bututu zuwa lagireto don man ya riƙa hucewa. Akwai wani ƙarfe mai kama da kabewa da ke zama tsakanin inji da giya, wanda sai an juya shi a hankali ya faɗa gurbinsa kafin a ɗaure. Clarrie bai sani ba, ya ɗaure noti da ƙarfin tsiya, wani abu ya ce ƙas a ciki. Ashariyar da ya saki ta sa mai girkin mashaya ta leƙo ta taga ta tambaya ko wani ne ya mutu. Sai da Thelma ta sake kai shi Longreach sayen wani famfon ruwan.

Ranar da ya gama, da tsakar rana ya fita, lokacin da zafi ya kori kowa cikin gida. Ya hau hanyar filin jirgi, ya taka mai yana jiran abin ya ba shi haushi. Motar ta ɗauka, ta sauya giya, ta sake sauyawa, sumul, kamar an ɗaga shi an ajiye a kan katifa. Ya je ƙarshen hanya ya dawo. Ya sake zuwa. Daga nan ya tsaya a gefen titi ya kashe inji, kunya ta rufe shi kamar fadan coci da aka kama a gidan rawa. Abin ya yi masa daɗi, kuma ba wanda zai iya gaya wa.

Sai ya koma gareji ya yi abin da ya zama sanadin arzikinsa. Ya mayar da fedar kuloci inda take, ya ɗaure ta da waya mai tsalle da ya ciro daga ƙofar kicin, ba ta haɗe da komai, ka taka ta dawo. Sandar giyar ma ya sa mata tsohon kanta mai lambobi. Wanda ya leƙa ta taga zai rantse ba abin da ya canja.

Ya koma mashaya da motarsa, ya ce gwiwa ta warke, ya ci gaba da zagin otomatik fiye da da.

Athol ne ya fara shiga motar, ranar da tasa take wurin faci. Clarrie ya yi ta wasan kwaikwayo, yana taka fedar banza, yana girgiza sanda, har da ɗan nishi. Athol kuwa yana ta kallon shanun mutane ta taga yana kushe su. Bayan 'yan makonni sai ga shi ta ƙofar baya, da rana tsaka, yana jan ƙafa, ya cire hula yana juya ta a hannu.

"Kai gajere."

"Me kuma?"

"Ƙugun nan nawa. In na taka kuloci sai in ji kamar ana soka mini wuƙa." Ya dubi rufi. "Ka yi mini irin naka."

"Irin nawa me?"

"Kada ka raina mini hankali. Ka taka fedarka a gaban banki, motar ba ta sauya ba sai da muka kai gidan mai. Ni makaho ne?"

Clarrie ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "In ka gaya wa wani, sai na kashe ka."

"In kai ka gaya wa wani, sai na kashe ka na ƙi zuwa jana'izar."

Daga Athol sai wani, daga wani sai wani. Duk wanda doki ya taɓa kayarwa, ko saniya ta taɓa takawa, ko shekaru kawai suka cinye masa gwiwa, sai ya lallaɓo ta ƙofar baya da rana tsaka yana juya hula. Kowannensu yana zaton daga shi sai Clarrie suka san sirrin. Da yamma kuwa su haɗu a tebur ɗaya su yi ta tsine wa motar ragwaye, Clarrie na tsakiya yana gyaɗa kai kamar alƙali. Har daga garuruwan nesa aka riƙa zuwa, ya zama ba wanda ya kai shi sanin otomatik a duk yammacin, alhali a baki bai taɓa taɓa ko ɗaya ba.

Yadda yake duba giya ma abin kallo ne. Ya zaro sandar awon mai, ya duba launi, ya kai hanci, wani lokacin har ya ɗan taɓa da harshe. In man ja ne garau, sai ya ce, "Je ka, kana da sauran kwana." In ya yi duhu yana ƙauri, sai mai motar ya sha faɗa: "Tirelar shanu ka ja da zafin nan, ko? Kawo in juye, in sauya matata, kafin ta kashe kanta ta huta da kai." Kowa yana kawowa, ban da Athol. Athol ya ce man da ba ya zuba ba ya ƙarewa, wanda ba ya ƙarewa kuwa ba dalilin saya masa magaji. Shekara da shekaru yana jan bijimai da wannan mota, Clarrie yana binsa da magiya da zagi.

"Man nan ya fi kofin mashaya baƙi, tsohon maƙo. Wata rana za ta zaunar da kai a inda ba ka so."

"Tana tafiya ko ba ta tafiya?"

"Tana tafiya."

"To rufe mini baki."

Athol ya mutu a kujerarsa yana sauraron sukuwar dawaki a rediyo, dokin da ya zaɓa yana na ƙarshe. Matarsa Glenys ta ce ya sha faɗa mata cewa kada a sa shi a baƙar motar gawa kamar wani lauya, a bayan a-kori-kurarsa za a kai shi, kuma gajeren nan ne zai tuƙa, don ya yi aikin kyauta ko sau ɗaya.

Aka gama addu'a a coci, aka ɗora akwatin a baya aka ɗaure da igiyar shanu. Jama'a suka jeru cikin baƙaƙen kaya, zafi kamar ana gashi. Clarrie ya shiga da kwat ɗin aurensa da ya daina rufuwa, ya tada inji, ya sa giya. Inji ya yi ƙara, mota ba ta motsa ba. Ya sake. Ko gezau. Ya fito ya buɗe gaba, ya zaro sandar awo ya shinshina, sai ya zagaya baya ya tsaya a kan akwatin.

"Na gaya maka ko ban gaya maka ba? Shege maƙo! Ga shi nan ta zaunar da kai!"

Fada Kinsella, wanda sabon zuwa ne garin, ya matso yana gyaran murya. "Malam Hoolihan, a ƙofar coci muke. Ko a kira motar gawa?"

"Ba inda za a kira," in ji Glenys. "A wannan ya ce."

Wani tsoho daga cikin 'yan teburin mashaya, don dai a san yana wurin, ya ɗaga murya: "Clarrie, taka kuloci sosai mana, ka tura ta da giya ta biyu!"

Glenys ta juyo ta ɗaga mayafin fuskarta. "Wane kuloci, Merv? Fedar nan ba ta haɗe da komai. Irin ta motarka ce. Irin ta motocinku duka."

Tsofaffin suka shiga satar kallon juna. Sai wata mata ta fashe da dariya a cikin hankicinta, wata ta kama, kafin ka ce me matan garin gaba ɗaya suna riƙe da juna suna hawaye, ba na mutuwa ba. Ashe tun ranar famfon ruwa Thelma ta gaya wa Glenys, Glenys ta gaya wa sauran, suka bar mazan suna ta taka iska shekara da shekaru.

Clarrie ya dubi matarsa. Thelma ta ce, "Gwada ribas."

Ya gwada. Motar ta zabura baya kamar sabuwa.

Haka aka kai Athol Rasmussen maƙabarta, akwati a gaba, direba a baya. Thelma tana tafe a gefe tana nuna hanya da jakarta, "Hagu kaɗan. Na ce hagu, kai tsohon nan, za ka zubar da shi a kwata." Fada yana biye da littafinsa bai san ko gaba yake ba ko baya. Clarrie ya leƙo da kai ta taga, wuyansa a murɗe, yana zagin mamacin tun daga coci har bakin kabari. Waɗanda suke kusa sun ce fuskarsa sharkaf take. Shi ya ce gumi ne.

Washegari ya jawo motar zuwa gareji. Glenys ta ce ya bar ta, ba mai tuƙa ta kuma. Bai saurare ta ba. Ya sauke giyabos ɗin, ya wargaza shi, ya wanke kowane ƙarfe, ya sauya faya-fayen da suka ƙone, ya zuba sabon mai ja garau. Yana yi yana magana shi kaɗai, yana amsa wa kansa da muryar Athol. Thelma takan kawo masa shayi ta ajiye a bakin ƙofa ta juya. Da ya gama ya kai motar gonar Glenys, ya ajiye ta a rumfa, ya miƙa mata makulli. Ya daɗe bai koma mashaya ba, da ya koma kuma wata kujerar ya ja.

Ya yi aiki har sai da aka fara kawo motocin da sai an jona musu kwamfuta kafin su faɗi abin da ke damunsu. Ya ce shi ba zai yi hira da mota ta hannun tafinta ba. Ya sayar da garejin ga wata Narelle, 'yar wani mai shanu, wadda ta koyo aikin a wurin haƙar ma'adinai, shi da Thelma suka koma Yeppoon, wani gari a bakin teku, kusa da 'yarsu. Teku ba ta burge shi ba, ya ce ruwa ne mai yawa da ba a iya ba shanu.

Da tafiya ta gagara, 'yar ta saya masa keken tsofaffi mai batir. Ya yi kwana biyu yana hawa, ya ce wannan ai cin mutunci ne, ya kwance shi a baranda. Abin da ya yi masa ba wanda ya sani, amma an ga tsoho ya wuce motar kwasar shara a kan hanyar bakin teku, hula a hannu, kafin ya ƙare a cikin shingen furannin wani gidan cin abinci. Ɗan sandan da ya zaro shi ya rasa laifin da zai rubuta, ya kira Thelma.

Ta zo ta dube shi, ganye a gashinsa, haƙoran robarsa a aljihun ɗan sanda.

"Ka ji ciwo?"

"A'a."

"To tashi ka ba mutane haƙuri."

Bai ƙara shekara ba bayan wannan. A asibiti ya cika, da hantsi, bayan ya gaya wa nas cewa injin da ke ɗaga gadonsa yana kukan rashin mai, in ba a duba shi ba zai tsaya. Ta ce za ta faɗa wa masu gyara. Ya ce ta kawo sifana kawai. Ta fita ta dawo da shayi, ta tarar Thelma ta riga ta rufe masa ido, tana zaune tana gyara masa wuyan riga.